Kai Bakwai, Wutsiya Huɗu

A bariyar hanyar Mirya, tun rana ba ta yi ƙarfi ba,
ajidan ya ɗaga hannu, na taka birki.
Ruwan da ke cikin tanki ya yi gaba, ya dawo baya,
kamar shi ma yana da ta cewa.

Ya zagaya gaban mota ya karanta:
bakwai, Damagaram, ba gardama.
Ya zagaya bayan rimorki, ya durƙusa,
ya kankare taɓo da farcen babban yatsa.
Huɗu. Maraɗi.

Ya ce, “Nomau, kanka ɗan gari ne,
wutsiyarka baƙuwa.
In ka ture akuyar wani da dare ka wuce,
ƙofar wa za mu je mu buga?
Wani bawan Allah yana barcinsa a Maraɗi
mu tashe shi da laifinka?”

Gaskiya ya faɗa. Na sunkuyar da kai.
Sai dai mai wannan lamba
ba bugun ƙofar da zai tashe shi.

Lambar Tanimun ce, wana.
Shekara goma sha ɗaya yana dakon albasa
da tsohuwar motarsa mai tanti,
mai tari kamar ɗan taba in gari ya waye.
Da ciwo ya kai shi kushewa
aka raba motar kamar naman watanda:
inji ya tafi Magarya,
ƙofofi suka zama dangar wani a Garin Malam,
kujerar direba tana shagon wanzami har yau.
Ni na samu ƙafafun baya da ƙarfen da ya haɗa su,
da wannan ɗan gwangwani mai lanƙwasasshen kunne.
Mai walda ya ɗora tanki a kai,
nake jan ruwa ina kai wa magina.

Ban faɗa wa ajidan duk wannan ba.
Cewa na yi, “Shef, kusoshin ne suka yi tsatsa.”

Ya dubi kusoshin. Ya dube ni.
Ya ce, “Tsatsar da bakin mai bai iya mata ba,
ban taɓa ganinta ba.
Na ba ka zuwa Alhamis.”
Ya riƙe kartigiris ɗina, ya sa a aljihun gaba,
ya maɓalle.

Sau uku a baya na je wurin Kiyari mai fenti,
can Zango, gindin bedi.
Jikka biyu ce kawai.
Sau uku ina riƙe da sifana, ina zufa,
in tuna ranar da Tanimun ya sa ni haddace lambar nan,
ina ɗan yaro, wai ko na ɓace a tasha.
Sai in ce wa Kiyari, bari sai na dawo daga masallaci.

Laraba da la’asar na koma.
Ya zana bakwai, ya zana sauran,
harshensa a waje don kar layi ya karkace.
Ya miƙo hannu zai kwance tsohuwar.
Na ce, “Bar ta. Ɗora a kanta.”
Ya ce, “Za su riƙa kaɗawa fa.”
Na ce na ji.

Alhamis ajidan ya karanta gaba, ya karanta baya,
kai da wutsiya bakinsu ɗaya.
Ya ƙwanƙwasa sabuwar da ɗan yatsa,
ya ji amon biyu ne.
Bai ce kome ba. Ya miƙo mini takardata.

Yanzu in na sauka daga kwalta na kama burji,
tanki cike, rana tana dukan ƙeya,
ina jin su can baya, kas-kas, kas-kas,
tawa a sama, tasa a ƙasa.
Yaron motata ya ce a sa roba a tsakani.
Na ce masa ya kula da tiyo,
ruwa na zuba.