Abin da Katin Bai Faɗa Ba

A Marquette, bakin tafki, ranar Lahadi,
dusar ƙanƙara ta toshe ƙofar baya har ƙugu.
Na sauko da gwangwanin biskit na Kaka Verna
daga saman firij, inda ya yi wata huɗu
ba wanda ya iya taɓa shi.

Katin na ciki, tsakanin rasit na gyaran murhu
da hoton wani karen da ban sani ba.
Rubutunta ne, mai jingina hagu kamar mai gyangyaɗi:
man shanu rabin sanda,
hodar koko cokali shida, a yi musu tozo,
sukari kofi ɗaya, madara mai kauri gwangwani guda,
gishiri abin da yatsu biyu suka tsinto.
Sannan: a bar shi ya tafasa minti...
nan maiƙo ya cinye lambar.
Tabo ne zagayayye, daidai babban yatsanta.

Na ce biyar. Ya fito tsararo,
ya gudu gindin kwano kamar wanda ya hango mai binsa bashi.
Na ce sha biyu. Ya sandare a tukunya,
na sa wuƙa, na sa baƙar magana,
na jiƙa ta a ruwan zafi, na zauna.

Signe, 'yata, tana kan kujera tana kaɗa ƙafa,
askirim na narkewa gabanta, ta ƙi ci.
"Ba haka nata yake ba," ta ce,
sai ka ce ban sani ba.

Na kira Gwaggo Lempi a Duluth.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"Minti? Yaushe Mama ta taɓa duba agogo?
Taga take kallo. In jirgin tama ya bar tasha
sai ta sauke kafin ya gota hasumiyar fitila."
Na leƙa. Tafkin fari fat, ya ƙame,
ba jirgi sai sanyi ya saki.

"To duba gindin tukunya," in ji ta.
"Ja cokali. In hanyar ta rufe nan take, da saura.
In ta tsaya ta yi shawara kafin ta rufe, sauke.
Kuma zuba ragowar gahawar safe, kurɓi biyu.
Ba ta rubuta ba, don Dolores ta coci
ta cika aron kati."

Karo na uku na rage wuta.
Man ya narke ba hayaniya,
hodar ta sha, ta yi duhu kamar ƙasa bayan ruwa,
sukarin ya daina ƙaras-ƙaras ƙarƙashin cokalin katako.
Ƙamshin ya bi bene, ya shiga ɗakin da muka rufe.
Kumfa ta fara daga gefe, ƙanana,
sai manya, masu fashewa a kasalance.
Na ja cokali. Ta rufe.
Na ja. Ta rufe.
Na ja, sai na ga ƙarfen tukunya ya dube ni,
ɗaya, biyu,
sannan cakulan ya dawo a hankali ya lulluɓe shi.

Na zuba kan sabon askirim. Ya kwanta, ya yi danƙo,
ya kama cokali, ya kama haƙori.
Signe ba ta ce komai ba. Ta miƙo kwano.

Na ɗauki biro zan cike gurbin,
sai na tuna ban duba agogo ba.
Ita kuwa ta ja katin don ta karanta,
ta bar masa yatsa, ƙarami, launin ƙasa,
daidai kan gishirin.