Mai Riƙe Fitila

Ni ke riƙe da fitilar dandamali
a wani ɗan ɗaki bayan kasuwar kifi,
nan Talcahuano, inda ƙarnin teku
ke bin mutum har cikin aljihu.
Aikina in haska mai magana,
amma idona na kan masu dariya.

Nibaldo ke hawa daren Juma'a,
siriri, wuya kamar na zalɓe.
Jarinsa guda ne: daren da ƙasa ta girgiza,
teku ya tsallake katanga ya shigo gari,
ba sallama, ba tambayar hanya.

Yakan ce: "Kawuna shekara talatin
yana wa matarsa alkawarin jirgin ruwa.
Da asuba ta leƙa, ga jirgi a tsakar gida,
har da raga, har da tukunyar miya.
Ta ce, tsoho, ashe ba ka ƙarya!"

Doralisa mai ɗinkin raga, a kujerar gaba,
ta tuntsire har tana dukan tebur.
Daren nan ruwa ya ɗauke mijinta,
takalminsa na hagu kaɗai aka tsinto.
Ta ce min: "Shekara bakwai ana min magana ƙasa-ƙasa,
ana lallaɓa ni kamar ɗanyen ƙwai.
Ɗan banzan nan ne ya tuna ina da haƙora,
shi ya cire min ƙaya a zuciya."

Wani baƙo daga Santiago ya miƙe,
kwat a kafaɗa, takalmi na sheƙi,
ya ce ba a wasa da kabarin mutane.
Ko cokali bai rasa a ruwan ba.
Na ce a raina, ka fi mai kora shafawa.
Na yanke hukunci tun daga bayan fitila:
wasa ba shi da shinge a duniya.

Juma'a ta zagayo.
Labarin nan dai, ko wasali bai sauya ba.
Ɗaki ya ɗauka, gilasai na rawa,
sai wani saurayi kusa da ƙofa
ya ajiye kuɗinsa ƙarƙashin kofi,
kofin cike, bai ko kurɓa ba,
ya fita a hankali, kamar shi ne da laifi.
Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya.

Mai shara ce ta gaya mana: Belarmino ke nan.
Jirgin da ya sauka a nasu gidan,
kan ɗakin ƙanwarsa ya sauka.
Tana aji uku. Ta wanke rigar makaranta ta shanya.

Nibaldo ya zauna kan akwatin kwalabe,
ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.
Magana zarar bunu, wa zai mayar?
Mako uku bai taɓa zancen jirgi ba,
sai surukai, sai haraji, sai tsadar albasa.
Doralisa ta tare shi a bakin titi:
"Wa ya ba ka izinin binne mijina sau biyu?
Maido min jirgina, matsoracin tsiya!"

To, wa zan bi?
Wuƙa guda ce: ta fasa wa wannan ƙurji,
ta sami wancan a jijiya.

Ya maido labarin, amma da sharaɗi:
kafin ya buɗe baki, in juya fitila
in haska zauren, layi bayan layi,
ya dubi fuskoki kamar masunci na duban sama.
Wani daren ya faɗa, wani daren ya haɗiye.
Yakan yi kuskure har yanzu.

Na daina cewa babu iyaka.
Akwai, amma irin ta bakin teku ce,
inda ta kwana ba nan take wuni ba.
Kujerar kusa da ƙofa na nan, ba kowa,
kullum a kanta hannuna ke tsayawa
kafin in maido hasken tsakiya.