Rage Iska

Bayan Muzahmiyya kwalta ta ƙare.
Jazuli ya durƙusa yana sace iskar tayoyi,
ya ce, "Yashi ba ya son kumburi,
sai ka yi laushi yake ɗaukar ka."

Ban ji ba. Na taka totur
a kan jan tudu, mota ta nutse har ciki
tana huci.

Wani baƙo ya tsaya, bai tambayi sunana ba,
ya ɗaura igiya, ya ja, ya ƙi kuɗi.
Sai dai ya nuna mini tsiro ɗaya tilo
da na murƙushe,
da gwangwanin da na yar.

Da la'asar raƙuma suka gitta.
Ni na fara kashe inji.