Farashin Citta

Waya ba ta kamawa a gidan Phulmaya
sai an hau tudu, bayan turken ɓauna,
inda dutse ya tsage gida biyu.
Nan jikarta Sabitra ke tsayawa da asuba,
hannu a sama kamar mai rantsuwa,
hazon Ilam na jiƙa mata gashi,
tana jiran saƙo ya sauko.

Ran Talata ya sauko:
Birtamod, ɗanyar citta, kilo rupi casa'in.

Tsohuwa ba ta san ko bihim ba,
amma casa'in ta san shi.
Ta ce a maimaita. Aka maimaita.
Ta zauna bakin kwando ta yi shiru,
tana kankare ƙasa daga farcenta.

Shekara talatin Harkaman na hawowa
da sikelinsa mai tsatsa
da maganarsa guda, wadda ba ta tsufa:
"Kasuwa ta faɗi bana, Ama."
Ashe kasuwar na tsaye da ƙafarta,
a bakinsa kaɗai take faɗuwa.

Da hantsi ya iso yana haki,
ya sha shayi, ya yaba madarar,
ya ɓalla citta ya shinshina,
ya ce hamsin.

Ta ce casa'in ake saye a ƙasa.

Ya dubi yarinya, ya dubi waya.
Bai musa ba. Dariya ya yi,
ya nuna kwari da haɓa,
inda ruwan jiya ya zaftare hanya,
laka ta haɗiye gada har wuya.
"Wayar ce za ta kai miki kwando?"

Gaskiya ce, kuma da ɗaci.
Sanin farashi ba jaki ba ne,
ba ya ɗaukar kaya, ba ya tsallake rafi,
citta kuwa ba ta jiran a gyara gada.

Duk da haka ba ta miƙa wuya ba.
Ta sake dafa shayi, ta rage sukari.
Hamsin da biyar. Ta girgiza kai.
Sittin. Ta tafi ba ɓauna ciyawa.
Rana ta karkata kafin su tsaya
a sittin da takwas,
kuma Sabitra ce ta karanta sikeli.

Da dare ta ƙirga kuɗin sau uku
a hasken fitila,
ta ware ashirin, ta ƙulle a bakin mayafi.
"Na katin waya ne.
Gobe ki hau ki tambayo min gero."