Gwangwanin Baba Jatau

Ran da muka kwashe ɗakin Baba Jatau a Gangare,
bayan sadakar arba'in,
na tarar da gwangwanin madara ƙarƙashin katifar rimi,
tsatsa ta cinye bakinsa.
Na girgiza, ya amsa.

Na juye a kan tabarma.
Wanda ya fara gangarowa mai huji ne a tsakiya,
kwabon zamanin Bature,
tauraro mai tsini shida ya rungume hujin,
ga kambi, ga ɗan rubutun Larabci da yatsu suka suɗe.
Irinsa ake ƙirga masa ran biya,
bayan ya wanke ƙasar kuza a Dilimi
tun asuba, har ƙafa ta daina sanin tana cikin ruwa.
Wandon lebura ba aljihu,
sai a zura kwabo a igiya, a ɗaura a ƙugu.
Yakan ce: wannan kuɗi ya san talaka,
ya zo da wurin kamawa.

Ga taro mai kusurwa goma sha biyu, auduga a bayansa.
Ga sule da kwakwarsa,
wanda in ya faɗi a siminti
har maƙwabta sai sun waiga.

Sai shekarar da aka yi wa fam jana'iza
aka raɗa wa naira suna.
Huji ya toshe.
Dawakai biyu suka miƙe tsaye, mikiya a samansu,
a bayan jan kwabo kuwa aka kafa ƙarafan haƙar mai.
Inna Tasalla ta ce ran nan ya daɗe yana juya shi a bakin zaure,
ya duba gaba, ya duba baya,
ya ce: an zana koko, an zana gyaɗa, an zana mai,
kuzar da ta cika taragai ta karya mana baya
ko kwanon wankinta ba a zana ba.
Daga baya wani makanike ya faɗa masa
wai akwai ɗigon kuza a jikin jan ƙarfen.
Ban san ko gaskiya ne ba.
Shi dai ya yarda.
Tun daga ranar bai sake kashe wannan ɗin ba.

Ga kwabo ashirin da biyar da dalar gyaɗarsa,
buhu kan buhu, ko ɗaya bai zame ba.
A nan kaɗai ta rage a tsaye.

Na gaba duk sun rame.
An rage musu faɗi, an rage musu murya,
masara ta hau kwabo hamsin,
naira kanta ta sauko daga takarda ta zama ƙarfe,
kamar attajirin da ya koma ɗakin haya.

Na ƙarshe sun fi kowa kwalliya:
launi biyu, zobe cikin zobe,
ginin majalisa a kan naira biyu, sabo fil.
Ni na kai irinsa Farin Gada,
mai tumatir ta ɗaga, ta yaba kyansa,
ta mayar mini a tafin hannu.
Da shi Baba ke kwance bayan rediyo
in batir ya mutu.

'Yata Lantana, wadda ta tashi ta ga kuɗi
yana shigowa waya da ɗan ƙara,
ta tsuguna tana jera su bisa girma.
Ta ce, Mama, me za su saya?
Na lissafa, na sake lissafawa.
Na ce ko ashana.

Ba ta damu ba.
Ta ɗauki mai hujin ta fita tsakar gida,
ta rufe ido ɗaya, ta kara shi a ɗayan.
Na ce me kike gani?
Ta ce duwatsu,
da wani jan tudu,
da ruwa kore a gindinsa wanda ba ya motsi.

Na ce riƙe shi da kyau.
Na shiga neman igiya.