Zaren da Kaka Ba Ta Kaɗa Ba

Daga gonar kakata ganyen ya zo,
Mama Teófila ta Chupaca,
naɗe cikin tsohuwar jarida mai laima,
dare guda a motar Huancayo zuwa Lima.
Ya yi tamoji, ya yi dabbare-dabbare,
jijiyoyinsa sun yi baƙi ta ƙasa.

Na niƙa, na tace,
na ɗiga kan ragar tagulla
wadda ba ta kai ƙwayar wake ba,
na daskarar, na miƙa wa na'ura.
Ƙarfe biyun dare.
Don Anacleto mai gadi na ta tari a baranda.

Mashi na zaci zan gani, ko ƙaya.
Ashe zare ne.
Silili-silili, a zube, a lanƙwashe,
kamar abin da ke saura a cinyar mai saƙa
in ta miƙe za ta hura wuta.

Na matso da ido.
A tsakiya silili ɗaya tak,
a jikinsa aka rubuta dukan ɓarnar.
Furotin iri guda, sau dubu biyu,
ya nannaɗe shi yana hawa kamar matakalar hasumiya,
tara ba kaɗan a kowane zagaye.
Kowanne ya miƙa hannu ya kama maƙwabci,
ya cusa wutsiya can cikin rami.
Riƙon ba na ƙarfi ba ne,
shi ya sa yake tanƙwasa bai karye ba.

Dubu biyar, kafaɗa da kafaɗa,
ba su cika kaurin gashin kanki ɗaya ba, Kaka.
Amma darɓa ta ɗauko shi a baki,
ta bi kunya-kunya tana ɗanɗano,
buhu goma sha biyu ya dawo bakwai.

Ke da kike tafe kina murza mazari
a bayan tumaki, iska na jan hularki,
kin sha ce min: murɗi shi ne zare,
ulu kawai iska ce.
Ga shi na tarar da maganarki a nan,
hannun hagu aka murɗa shi,
ba ƙulli, ba gargada.

Gobe za ki kira da wayar maƙwabciya:
"Nélida, me kika gani?"
Zan ce a sake iri, a tuge masu ciwon.
Ba zan ce yana da kyau ba.

Na dai ƙara minti goma kafin in kashe allon.