Mangala

Likita ta buɗe littafi a gabana,
shafi cike da ɗige-ɗige kamar an zubar da gero.
Ta ce, "Wace lamba ka gani?"
Na ce ban ga komai ba.
Ta juya shafi. Ta sake juyawa.
Fanka tana kaɗawa a kanmu,
hular da na saya tun ba a kira ni ba
tana cikin jaka, ko ledarta ban cire ba.
"Isyaku," in ji ta, "ja da kore ɗaya ne a idonka.
Ba a ba irinka tuƙin jirgi."

Shekara uku ina haɗiyar lissafi da Turanci.
Goggo Hajo ta sayar da awaki biyar
da rabin gonar bakin kogi a Mai Wurno.
Na fito titin Bur Sudan da rana tsaka,
gishirin teku a leɓena,
na rasa bakin da zan kira gida da shi.

Ustaz Mamun ne ya tsince ni,
tsoho mai fensir a bayan kunne.
Ya ce, "Yaro, tsuntsu ba fiffike kaɗai ba ne.
Akwai mai hasumiya, akwai mai sifana,
akwai mai karanta gajimare tun kafin assalatu,
akwai kuma mu da ba a ɗaukar mu hoto."
Ya tura mini takarda mai layi-layi.

Wata tara na yi a kanta.
Jarrabawar farko na faɗi,
na rikita lita da kilo,
ya ce da a sama ne, da yanzu ana zaman makoki.
Ta biyu na ci.
Aka ba ni shaida mai hatimi shuɗi,
shuɗi kam ina ganinsa.

Yanzu ni ke auna nauyi.
Fasinja ɗari da arba'in da takwas,
jarirai uku, keken guragu biyu,
buhunan zoɓo, akwatin amarya mai ɗaurin igiya,
mai a fiffiken dama, mai a na hagu.
In zafi ya tsananta iska takan yi laushi,
ba ta ɗaukar abin da ta ɗauka jiya,
sai in sauke akwati goma sha ɗaya
a zage ni da Larabci, a maimaita da Hausa
don kada wata kalma ta wuce ni.

Kakana Sallau ya baro Haɗejiya da jaki,
fuskarsa gabas.
Shekara bakwai yana tafe yana noman ƙodago,
ya iso bakin Nilu, ƙafa ta ƙi.
Bai ga teku ba.
Goggo ta ce in mangala ta rinjaya gefe guda
yakan tsaya, ya tsinci dutse a hanya,
ya jefa a ɗaya gefen,
yana cewa ba nauyi ke kashe jaki ba,
karkata ce.

Ban san da shi nake aiki ba
sai daren da na mayar da buhu shida daga baya zuwa gaba
na ji hannuna ya yi abin da ba a aji ya koya ba.

Kyaftin Tahani takan duba lissafina,
ta bi da yatsa har ƙasa, ta sa hannu.
Ba na jin ta san fuskata.
Rubutuna ta sani,
da yadda nake yi wa bakwai ɗamara.

Jirgin Jidda ya juya hanci.
Sun ce fitilar hagu ja ce, ta dama kore.
Ni dai biyu nake gani,
kuma ba wadda ta fi wata kusa da ƙasa.
Kafin shayina ya huce sun kai tsakiyar ruwa.

Goggo ta kira, layi yana yankewa.
"Yau ka tuƙa?"
Na ce a'a, Goggo, lodi na yi.
Ta yi shiru, ina jin kukan ɗan akuya a bayanta.
Ta ce, "To, ka dai duba gefe da gefe."